Allon Sanarwa Mai Hasken Wuta: Yadda Ake Haɗa Shi Da Ofis Ta Rediyo

 Tun da aka fara ganin allunan nan masu rubutu da hasken wuta a gidajen mai da bankuna da tashoshin mota a birane, dattawan ikkilisiyoyi da shugabannin zumuntar mata sun yi ta tambayarmu ko za a iya kafa irinsu a ƙauye, a bakin ɗakin shan magani, ko kusa da rumbun ajiyar hatsi, ko a mararrabar kasuwa. Amsarmu ita ce za a iya. Sayen allon da rataye shi ba su da wuya. Inda aikin yake shi ne hanyar da saƙo zai bi daga teburin wanda ya rubuta shi zuwa allon, musamman in ofis yana wannan unguwa, allon kuma yana can bakin hanya. A kan wannan hanyar za mu yi bayani, domin kwamitin da zai kashe kuɗin baikon jama'a ya san abin da yake saye, ya kuma san tambayar da zai yi wa mai gyara.

Wani zai ce ina amfanin wannan a wurin da akwai ƙararrawa da mai shela. Mu tuna da shekarar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kogin Binuwai ya tumbatsa ya shafe gonaki da gidaje daga Adamawa da Taraba har zuwa Binuwai da Kogi. A 2022 ambaliya ta sake zuwa, mutane fiye da 600 suka rasa rayukansu a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA takan yi gargaɗi, gidajen rediyo ma sukan yi. Amma sau da yawa labari yakan iso gidan fasto ko ofishin ƙaramar hukuma ya tsaya nan, manomin da ke fadama bai ji ba. Sanarwar da aka yi ranar Lahadi bayan sujada, wanda bai zo ba bai ji ba, maƙwabcinmu Musulmi ma bai ji ba, alhali ruwa ba ya tambayar addinin mai gona. Allon da ke bakin hanya kowa yana gani, safe da yamma: ranar allurar rigakafi, ranar awon ciki, farashin mudun masara a rumbu, labarin ɓarkewar amai da gudawa ko sanƙarau a ƙauyen kusa.

Me ya sa ba za a ja waya ba?

In allon yana jikin bangon ofis ne, ko cikin shinge ɗaya da shi, to a ja waya kawai, a manta da rediyo. Wayar da ake haɗa kwamfuta da ita tana kai saƙo lafiya har mita 100. Daga nan sai ta fara gazawa. In nisan ya wuce haka, ko akwai titi ko rafi ko gonar wani a tsakani, waya takan zama abin damuwa: in an binne ta garma ta yanke, ko ɓera ya ci, in an rataye ta babbar mota ta ja, ko mai neman jan ƙarfe ya kwashe. Doguwar waya kuma takan jawo ƙarfin tsawa ta kawo shi har cikin ɗaki.

Akwai allunan da ake sa musu katin wayar salula, a aika musu da saƙo daga ko'ina. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 wannan hanya ta yi sauƙi, kuma in nisan ya kai kilomita 15 ko 20, ko akwai dutse a tsakani, ita muke ba da shawara a bi. Sai dai tana cin kuɗi kowane wata, tana kuma dogara ga turken kamfani. Ranar da man injin turken ya ƙare, allon ya kurmance. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Rediyon da muke magana a kai kuwa naku ne, ƙananan akwatuna biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wurin allon, suna magana da juna kai tsaye. Bayan kuɗin saye ba sauran biya, sai kulawa.

Zangon da za a zaɓa

Iyayenmu sun san rediyo tun zamanin da suke kama tashar ELWA ta Monrobiya, wadda ta fara aiki a 1954, da shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos. Waɗancan a gajeren zango suke, irin wanda ke tashi sama ya daki wani sashe na sararin samaniya ya komo ƙasa can nesa, shi ya sa yake ƙetare ƙasashe. Namu ba haka yake ba. Zangonsa ya fi wancan gajarta nesa ba kusa ba, yana kuma tafiya miƙe kamar hasken tocila. Wanda ya riƙe wannan bambancin ya gane rabin aikin.

Ana auna zango da yawan kaɗawar da igiyar rediyo ke yi cikin daƙiƙa ɗaya. Sunan ma'aunin haz, daga sunan Bajamushe Heinrich Hertz wanda ya fara tabbatar da akwai irin wannan igiya wajen 1887. Megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ke nan, gigahaz ɗaya kuwa miliyan dubu. A kasuwa za ku fi samun iri uku. Na megahaz 433, tsawon igiyarsa kusan santimita 69 ne. Ba ya ɗaukar kaya da yawa, amma yana iya ratsa ganye ya kewaye ƙaramin gini, kuma ga allon da rubutu kawai yake nunawa ya isa. Na gigahaz 2.4, tsawon igiyarsa santimita 12 da rabi, shi ne zangon da Wi-Fi ke amfani da shi. Yana da arha, masu gyaransa suna da yawa. Na gigahaz 5.8 ya fi su ɗaukar kaya, har hoto mai motsi, amma ko reshe ɗaya mai ganye ya gitta masa sai ya raunana. A ganinmu, ikkilisiyar da take son ta rubuta layi biyu ko uku ba ta da dalilin sayen na uku, sai in kusa da gari take inda zangon 2.4 ya cika da hayaniyar na'urorin mutane.

Ga wani gargaɗi game da kayan kyauta. 'Yan'uwa daga ƙasashen waje sukan aiko da na'urori da kyakkyawar zuciya, amma ba kowace ce ta dace da nan ba. Hukumar sadarwa ta duniya ta raba duniya kashi uku wajen rabon zango. Afirka da Turai suna kashi na ɗaya, Amurka tana na biyu. A Amurka an bar megahaz 902 zuwa 928 a buɗe ga kowa, shi ya sa allunansu da yawa ke zuwa da rediyo mai lamba 900 ko 915 a jiki. A wurinmu kuwa wani sashe na wannan zangon shi ne wayoyin salula ke bi su yi magana da turke. Wanda ya kunna irin wannan rediyo zai dagula wa maƙwabta kira, shi ma nasa saƙon ba zai tafi sosai ba, ya kuma taka doka. Haka nan a duba wutar da na'urar ke ci: ta Amurka bolt 120 ce, tamu 230.

A Nijeriya Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda aka kafa a 1992 aka kuma sabunta dokarta a 2003, ita ke tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su. A Jamhuriyar Nijar hukumar ARCEP ke wannan aiki. Ku tambayi mai sayarwa shaidar cewa hukuma ta amince da irin na'urar, kada kuma ku yarda wani ya ƙara mata ƙarfi da wata na'ura ta daban wai don ta yi nisa. Kafin a kafa turke, dattawa su je su gaida mai gari da dagaci, su kuma sanar da babban ɗan sandan yankin abin da ake yi. A wannan zamani na rashin tsaro, dogon ƙarfe mai eriya da ya tsiro dare ɗaya a harabar majami'a zai jawo zato da tsegumi, alhali in an yi bayani tun farko, mai gari da kansa zai riƙa aiko da sanarwarsa a sa masa.

Sai sun ga juna

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma aka fi yi wa gaggawa. Eriyar ofis da eriyar allo dole su ga juna. Hanyar gwadawa ba ta buƙatar kuɗi. Mutum ɗaya ya hau daidai tsayin da za a ɗaura eriya a ofis da madubi a hannu, ya haska rana zuwa wancan gefen. Wani ya hau nasa tsayin a wurin allon ya ga ko walƙiyar madubin tana iso masa. Da dare a yi da tocila mai ƙarfi. In ba a gani ba, a ƙara tsayi ko a sauya wuri, tun ba a haƙa rami an zuba siminti ba.

Amma ganin ido kaɗai bai isa ba. Igiyar rediyo ba siririya ba ce kamar zare. Tana tashi daga eriya a tsuke, ta yi faɗi a tsakiyar hanya, ta sake tsukewa a ɗaya eriyar, kamar siffar ƙwallon dabino. Wani Bafaranshe mai nazarin haske, Augustin Fresnel, wanda ya rasu a 1827, shi ne aka sa wa wannan fili sunansa. In itace ko rufin kwano ya shiga cikin filin nan, ƙarfin saƙo yakan ragu ko da kana hangen ɗaya eriyar sarai. Ƙa'idar masu aikin ita ce a bar aƙalla kashi 60 cikin 100 na filin ba abin da ya taɓa shi.

Bari mu ba da misali da lissafi. A ce tsakanin ofis da allo kilomita 2 ne, ƙasar shimfiɗaɗɗiya, rediyon kuma na gigahaz 2.4. A tsakiyar hanya filin zai sauko ƙasa da miƙaƙƙen layin da kusan mita 8. Kashi 60 cikin 100 na wannan kusan mita 5 ke nan. To, in akwai mangwaro mai tsayin mita 8 a tsakiyar hanyar, sai layin ya wuce a tsayin mita 13, wato kowace eriya sai ta kai mita 13 daga ƙasa. Da rediyon gigahaz 5.8 ne, mita 3 kawai za a bari bisa kan itacen, turke mai mita 11 ya isa. In kuwa itacen yana kusa da ɗaya daga cikin eriyoyin ne, inda filin ya tsuke, abin da za a bari bai kai haka ba. Shi ya sa wani lokaci matsar da turke mita 20 zuwa gefe ya fi ƙara masa tsayi arha. Hasumiyar ƙararrawa da ƙarfen tankin ruwa sukan rage wa ikkilisiya kuɗin turke, in suna da ƙarfi. A nisan kilomita 2 kumburin doron ƙasa bai taka kara ya karya ba, amma a kilomita 10 yakan ɗaga tsakiyar hanya kusan mita 2, sai a ƙara shi cikin lissafi.

Manomi ya fi injiniyan birni sanin abin da za mu faɗa yanzu. Yawancin irin wannan aiki da rani ake yi, lokacin da hanya take da kyau, mutane kuma suke da sarari. Da rani kuka tsirara take, gonaki fayau, kana hangen ƙauyen gaba. Da damina kukar nan za ta cika da ganye, dawa ta yi tsayi ta fi mutum a kan doki, ganye kuwa cike yake da ruwa, ruwa kuma yana shanye igiyar wannan zango. Sai rediyon da ya yi aiki sumul a watan Fabrairu ya fara yankewa a watan Agusta, daidai lokacin da ake buƙatarsa saboda ambaliya da zazzaɓin cizon sauro. Gawo shi ne mai yin akasin haka, yakan zubar da ganye da damina ya tofo da rani, don haka shi da rani zai tare hanya. Dogon yaro kuma saurin girma gare shi. Wanda yake ƙasa da layi bana, bayan shekara uku ya shiga ciki. Ku sa tsoho ɗaya wanda ya san kowane itace a hanyar cikin masu awo. Ba kuma muna cewa a sare itatuwa ba ne; mu da muke raba dashe kowace shekara ba za mu faɗi haka ba. A ɗaga eriya, ko a kauce.

Gwaji a kan tebur, sa'an nan hawa

Kada a hau turke da na'urar da ba a gwada a ƙasa ba. A ajiye akwatunan biyu cikin ɗaki ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu, a haɗa ɗaya da kwamfuta, ɗaya da allon. In irin mai eriyar da ake ɗaurawa daban ne, a ɗaura eriyar kafin a ba shi wuta, domin rediyon da ya yi aike ba eriya yakan ƙone daga ciki.

Daidaita su ba wani sihiri ba ne. Ɗaya ake mai da shi uwa, shi ke kira. Ɗayan ɗa, shi ke amsawa. Wadda ke ofis ita ce uwar, kuma uwa ɗaya tana iya riƙe alluna biyu ko uku in duk tana ganinsu. Sai a ba su suna ɗaya na haɗi, da tasha ɗaya, da kalmar sirri ɗaya. A zangon 2.4 tashoshi na 1 da na 6 da na 11 su ne ba sa hawa kan juna. A duba wadda ta fi shiru a unguwar a zaɓa. Abin da kuwa ba za su yi tarayya a kai ba shi ne lambar adireshi. Kwamfuta da uwa da ɗa da allon kansa, kowanne da tasa lambar, kamar gidaje huɗu a layi ɗaya: lambobin farko iri ɗaya, ta ƙarshe daban. In biyu suka ɗauki lamba ɗaya, saƙo zai riƙa ɓata, a yi ta zargin eriya a banza. Ƙananan rediyoyin megahaz 433 kuma suna da wani abin dubawa, wato saurin maganarsu da allon. Yawanci 9600 ne. In allon yana kan 9600 rediyon yana kan wata lamba, ba abin da zai fito sai shirme ko duhu.

A canja kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga masana'anta. Sau da yawa na'urorin kamfani ɗaya da kalma ɗaya suke fitowa, kuma yaron da ke da waya a hannu zai same ta cikin minti biyu. A rubuta dukan waɗannan lambobi da kalmomi cikin littafi, kwafi ɗaya wurin sakataren ikkilisiya, ɗaya a ofishin gunduma. Masu gyara sukan ƙaura, fastoci ma ana yi musu canji.

A wannan gwajin ne kuma za a duba haruffanmu masu lanƙwasa. Alluna da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su nuna akwati ko alamar tambaya a madadinsu. A Hausa kuwa baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ƙafa da kafa. Ku sa mai sayarwa ya rubuta "ɗanɗano" da "ɓarawo" da "ƙauye" a gabanku. In allon ya kasa, akwai waɗanda ke karɓar rubutu a matsayin hoto, ta haka ake kewaye matsalar. Jajayen ƙwayoyin fitila kaɗai sun isa. Su ne aka fara ƙerawa, tun 1962 a Amurka, su ne kuma suka fi arha da ƙarancin cin wuta. Game da girman harafi, masu yin alamun hanya a Amurka suna lissafa inci 1 na tsayi ga kowace ƙafa 30 ta nisa. Harafi mai inci 6 ke nan za a karanta shi daga wajen ƙafa 180, ga mai lafiyar ido. Saboda tsofaffi a rage wannan nisan.

Ranar hawa a zaɓi safiya marar iska. Mai hawa ya ɗaura igiya a ƙugu, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa, turken kuma ya yi nesa da wayar wutar lantarki fiye da tsayinsa, yadda ko ya faɗi ba zai taɓa ta ba. Eriyoyin biyu su yi zama iri ɗaya: in wannan a tsaye take, waccan ma a tsaye. In aka kwantar da ɗaya aka tsayar da ɗaya, ƙarfin zai iya raguwa har sau ɗari. Sai a riƙa juya eriya ɗaya a hankali, dama da hagu, sama da ƙasa, wani yana kallon lambar ƙarfin saƙo a kwamfuta, har a sami inda ta fi kyau, a ɗaure. Sa'an nan a yi wa ɗayar haka. Lambar nan tana ruɗa mutane domin da alamar ragi take zuwa. Ragi 60 ya fi ragi 80 ƙarfi sau ɗari. In da rani kuka sami ragi 60 zuwa 65, kuna da rarar da za ta ɗauke ku cikin damina. In ragi 80 kuka samu, kada ku biya mai aiki sauran kuɗinsa tukuna, ko da rubutu yana fitowa a allon a ranar.

Wayar da ke tsakanin rediyo da eriya ta zama gajera iyakar iyawa. Siririyar baƙar wayar nan da aka fi samu a kasuwa, a zangon 2.4 takan cinye rabin ƙarfi cikin mita 3 kawai. Saboda haka aka fi son akwatin da rediyo da eriya suke haɗe, a ɗaure shi can sama, wayar kwamfuta ɗaya ta kai masa saƙo da wuta gaba ɗaya. Kowace mahaɗa a naɗe ta da roba mai hana ruwa. Kafin waya ta shiga akwati ko bango a lanƙwasa ta ƙasa kaɗan, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje. Ƙananan ramuka kuma a toshe su da raga, in ba haka ba zanzaro zai gina ɗakinsa a ciki, ƙadangare ma ya samu wurin kwana.

Wuta da tsawa

Allon da ya mutu duk lokacin da aka ɗauke wuta ba shi da amfani ranar hadari. Hasken rana ya fi dacewa. A ce allon yana cin wat 40, rediyonsa wat 5, ana kunna su awa 13 a rana. Abin da suka ci ya kusa wat-awa 600 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200, amma batirin dalma ba a shanye shi fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan guda ɗaya kwana ɗaya zai ɗauka cif, biyu ne za su ba da kwanciyar rai a ranakun da rana ba ta fito ba. Farantin hasken rana mai wat 200 zai iya mai da abin da aka ci. A fuskantar da shi kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. Da hunturu kuwa sai an sa yaro yana share ƙura kowane mako. A rage hasken allon da dare, ido ma ya fi so, batir ma ya huta. A ajiye batir a inuwa inda iska ke shiga, gama zafi yana rage masa kwana ƙwarai.

Abin da ya fi kashe irin wannan batir a ƙauye ba zafi ba ne, cajin waya ne. Yau mai wa'azi, gobe ɗan mai gari, jibi a ce a ara don bikin aure. Kwamiti ya yanke magana tun ranar farko, a sa kwaɗo. In batir ya mutu a mai da shi wurin masu sayarwa, kada a fasa shi a gida. Dalma guba ce. A 2010 gubarta, daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Turken ƙarfe da ya fi kowane gini tsayi gayyatar tsawa ne, musamman a hadarin farkon damina, kuma mutanen tsaunukan Filato da Mambila sun fi kowa sanin haka. A sa tsinin ƙarfe a ƙololuwa, sama da eriya, a sauko da kakkaurar wayar jan ƙarfe miƙe ba lanƙwasa zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa wajen mita 2, a wuri mai laima. Inda ƙasa take da dutse a kafa sanduna biyu ko uku a haɗa su. A sa na'urar tare ƙarfin wuta a wayar da ta shiga ofis. Duk da haka, in aka ga hadari ya haɗo, a zare wayar daga kwamfuta tun bai iso ba. In an fara tsawa kada kowa ya taɓa waya, kada kuma yara su fake a gindin turken.

Wa zai yi rubutu?

Allo a bakin hanya murya ce mai ƙarfi, kuma ƙarya ɗaya a kansa tana iya tashin gari. Shawararmu ita ce mutum biyu kaɗai su san kalmar sirri, a ce ma'aikacin lafiya da sakatare, kowane saƙon gaggawa kuma sai an tabbatar da inda ya fito an rubuta cikin littafi. Labarin "an ce an ga 'yan bindiga" ba na allo ba ne sai mai gari da jami'an tsaro sun ce a sa. Siyasa ba ta hawa, sunan marar lafiya ko na mai bashin rumbu ba ya hawa. A kuma tuna da iyayenmu mata da yawa da ba su sami karatu ba: a sanar a majami'a da kasuwa cewa in aka ga rubutu yana ƙyaftawa, magana ce ta gaggawa, a nemi ɗan makaranta ya karanta. Ƙararrawa da mai shela suna nan a kan aikinsu.

Akwai wani hali na waɗannan alluna da ya kamata kowa ya sani. Allon yana ajiye saƙon ƙarshe a cikinsa. In rediyo ya yanke, ba zai yi duhu ba, zai ci gaba da nuna tsohon rubutu kamar ba abin da ya faru. Mai rubutu a ofis yana tsammani gargaɗinsa ya tafi, mai wucewa kuma yana karanta sanarwar makon jiya hankalinsa kwance. Maganin wannan shi ne kowace safiya a aika da sabon layi mai ɗauke da sunan rana da kwanan wata, wanda aka rubuta da hannu daga ofis, ba agogon allon ba, domin agogon zai ci gaba da tafiya ko rediyo ya mutu. A roƙi wani mai shago ko mai shayi da ke kusa ya riƙa dubawa. In ranar Laraba ya ga allon yana cewa Talata, ya aiko yaro. Saƙon gaggawa kuwa, bayan an aika, wani ya hau keke ya je ya gani da idonsa.

Sau biyu a shekara, a watan Afrilu kafin ruwan farko da kuma watan Agusta lokacin da ganye ya cika, a karanta lambar ƙarfin saƙo a rubuta a littafi kusa da ta ranar kafawa. In ta faɗi da 6 ko fiye, a duba ko iska ta juya eriya, ko ruwa ya shiga mahaɗa, ko wani itace ya girma. A ƙara ɗaure igiyoyin da ke riƙe da turke, a duba ko wayar tsawa tana nan ba a yanke ta ba. Wajen saye kuma, in kuɗi ya kai, a sayi akwatin rediyo uku maimakon biyu, a daidaita na ukun tare da sauran a kan tebur ranar gwaji, a naɗe shi a ajiye a ofis, domin bayan shekara biyu ko uku da wuya a sami irinsa sak a kasuwa.